Lasisin Ƙetare da Bashin da Ake Bari a Yamai

Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur, amma injiniyan da ya taso daga Yamai da takardar makarantar injiniyoyi ta EMIG a jaka, yana ƙetare wannan iyaka ikonsa ya faɗi. Karatunsa na nan, shekarun da ya sha rana yana auna kwalta suna nan, sai dai bai isa ya sa hannu a kan zanen ko da kwalbati ɗaya ba. A Najeriya doka ta damƙa wannan iko ga hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, kuma wanda sunansa ba ya cikin kundinta ba ya aikin injiniya da sunan kansa. Nijar kuwa ta taso a kan tsarin Faransa, inda tun dokar 1934 makarantar da aka amince da ita ce take ba mutum laƙabin, takardarta kuma ita ce babbar hujjarsa.

Saboda haka mai hankali ba ya sakin reshe ya kama ganye. Kafin ya ajiye aikinsa a Yamai, sai ya fara neman rajista a inda yake hange. Wasu Abuja da Legas suke kallo, wasu lardin Kebek na Kanada saboda Faransanci, wasu Saudiyya. Kusan dukansu a ɓoye suke yi, suna ci gaba da karɓar albashi, suna gaida maigida kowace safiya kamar ba abin da ke gudana. In an zauna a fada da dare ana zagaya shayi, gardamar ba ta wuce guda: wannan cin amana ne ko kuwa dabarar zaman duniya?

Tambayar ta tsufa a Amurka, inda jihar Wayomin ta fara dokar lasisin injiniya a 1907, sauran jihohi suka bi, kowace da hukumarta. Can injiniya ɗaya yana iya riƙe lasisin jihohi da dama, ba wanda zai ɗaga gira. Ni ma a nan ban ga cin amana ba. Lasisi shaida ce tsakanin injiniya da hukuma da jama'ar da za su bi ta kan gadarsa. Albashi ya sayi awoyin aikinka da ƙwarewarka a cikinsu, bai sayi gobenka ba. Kuma kamfani ba ya shawara da ma'aikaci ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, cikin 'yan makwanni kamfanin ƙasar Sin da ke gina madatsar Kandaji ya dakatar da aiki, 'yan ƙasa da ke wurin suka koma gida. Wanda a lokacin yake da wata takarda a aljihu, wa zai ce ya yi laifi?

Sai dai wannan ita ce tambaya mafi arha a duk sha'anin. Ana kwana ana ja a kanta domin ba ta buƙatar alƙalami. Abin da ba a zama a lissafa shi ne abin da takardar take ci, da wanda take ci.

A fara da aljihun mai nema. Za ka ga mutum mai shekara goma a bakin aiki tsaye a layi a ofishin magajin gari tun da farar safiya, fayil ɗin roba a hammata, yana jiran a buga wa kwafin takardunsa hatimin shaida, kowane shafi da kan sarkinsa. Daga nan sai wurin mai fassara da hukuma ta yarda da shi, domin Abuja ba ta karanta Faransanci, shi ma shafi-shafi yake caji. Sai komawa makaranta a Harobanda neman takardar makin kowace shekara, sai jiran Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Najeriya ta auna digirin ta faɗi matsayinsa. Duk wannan shimfiɗa ce. COREN tana son shekara huɗu na aiki bayan digiri, da injiniyoyi masu rajista da za su tsaya wa mutum. Akwai rahoton ayyuka, akwai ganawa da manya, akwai kuɗin mota da masauki, daga Yamai zuwa Ƙonni kaɗai ya haura kilomita 400. In an samu, ba a gama biya ba, domin lasisin ana sabunta shi duk shekara, ko ka yi aiki da shi ko yana kwance a durowa.

Kebek ta fi tsada nesa ba kusa ba. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Faransa a 2008 ta share hanya ga masu digirin makarantun Faransa, ɗan EMIG ko ɗan Jami'ar Abdu Mumuni ba ya cikinta. Shi sai an auna karatunsa darasi-darasi, ana iya ɗora masa jarrabawa, sannan ya zauna a matsayin ɗan koyo a ƙarƙashin wani, ko da a gida ya jagoranci aikin hanya mai kilomita ɗari. Saudiyya kuma tun 2018 tana neman shekara biyar na aiki daga baƙon injiniya kafin ta karɓe shi.

Bayan an sha duk wannan, lasisi izini ne kawai, ba ya kawo aiki. Najeriya tana da nata injiniyoyi da ke yawo da takardu, har da dama daga cikinsu su ma waje suke nema. Dokar fifita 'yan gida a harkar mai ta 2010 tana nan, ga umarnin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun 2018 wanda ya hana ba baƙo izinin shiga don aikin da ɗan ƙasa zai iya. A da ɗan Nijar yana da rigar yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 1979 a kan 'yancin zirga-zirga da zama. Nijar ta fita daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. CEDEAO ta ce a ci gaba da barin mutane suna wucewa har sai an sake sanarwa, to amma abin da ya rataya a kan "har sai an sake sanarwa" alfarma ce, mai bayarwa yana iya janyewa. Wanda ya fara haɗa takardu a damanar 2023 ya gani da idonsa: iyaka ta rufe daga Agusta har Maris na 2024.

Sannan a dubi kuɗin da ake gudu dominsa. Naira tana da yawan sifili a takarda, shi ke ruɗar mutane. Kafin a sake ta a Yunin 2023, dalar Amurka ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ko ana son wannan ɗauri ko ba a so. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 a 2024, na Najeriya ya koma naira 70,000 a wannan shekarar, kuma in aka juya su zuwa dalar Amurka na Nijar ne a sama. Albashin injiniya dabam ne, gaskiya, amma wanda iyalinsa suke Yantala ko Talaje suna cefane da sefa, shi yana karɓar naira, ya san ɗan canji ne abokin rabonsa kowane wata. Fansho ma haka. Na Nijar, CNSS, asusun gamayya ne, na Najeriya tun dokar 2004 kowa da asusunsa, haɗa shekarun nan da na can ba ƙaramin aiki ba ne.

Duk wannan asarar mai nema ce, shi ya zaɓa, shi ya jiyo. Lissafin yana canja fuska ne daga inda wani ya fara biya.

Na farko shi ne wanda zai sa hannu. Babu hukumar da ke karɓar maganar mutum a kan kansa, sai wani babba ya shaida cewa ayyukan nan an yi su a gabansa. Galibi babban nan yana cikin kamfani ɗaya da mai nema. Sai a tare shi a bakin mota bayan an tashi:

"Yaya, don Allah ka sa mini hannu a nan. Amma ka rufa mini asiri, kada Alhaji ya ji."

"To ƙanena, in ya tambaye ni fa?"

A nan maganar take tsayawa, domin ba ta da amsa mai daɗi. An ɗauki sirrin mutum ɗaya an aza a wuyan wani wanda shi ba inda za shi, kuma gobe shi za a tambaya wa za a ba aikin Dosso. Wani lokaci abin ya fi haka muni. Rahoton ya ce "na tsara", alhali mai rahoton duba aikin kawai ya yi, lissafin ƙarfen wani ne ya yi shi. Babban ya gani, kunya ta hana shi gyarawa, ya sa hannu. Hukumar da ke can ba ta taɓa ganin gadar ba, amanar sa hannun ta ɗauka, ta ba mutum izinin tsara abin da bai taɓa tsarawa ba. Ƙaryar tana da sauƙin yi domin tazara ta yi nisa da harshe ya bambanta, ba wanda zai ɗauki waya daga Abuja ya kira wani ofishi a unguwar Filato ta Yamai ya bincika.

Na biyu shi ne mai aikin. Rahoto mai kyau yana son hujja: zane, lissafi, sakamakon gwajin ƙasa, hotuna. Waɗannan ba na injiniya ba ne ko da shi ya zana su, na wanda ya biya ne. Kwafin zanen gidan sama na ɗan kasuwa wani abu ne, amma wanda ya yi aiki a matatar SORAZ ta Damagaram, ko tashar wuta ta Goru Banda, ko bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin mai kusan kilomita 2,000, in ya tura zanensu waje ta intanet a yanayin da ƙasa take ciki, ba zancen saɓa kwantiragi za a yi masa ba. Ana iya bayyana abin da mutum ya yi ba tare da an kwashi takardun mutane ba, ya fi wuya ne kawai. Kwamfutar ofis da injin kwafi da awoyin da aka sace ana haddar jarrabawa, waɗannan ƙananan sata ne, kowa ya san hukuncinsu.

Babban abin yana wurin neman kwangila, kuma nan ne nake ganin shiru yake rikiɗewa ya zama ƙarya. Ofishin nazarin ayyuka a Yamai ba shi da wata dukiya ta a-zo-a-gani. Ba shi da katafila, ba shi da ma'adanar dutse. Jarinsa mutane ne. In gwamnati ko wani aiki da Bankin Duniya ke ba kuɗi ya buɗe takara, kowane ofishi yana miƙa sunayen manyan ma'aikatan da zai sa, da takardun karatunsu da tarihin aikinsu, kuma maki mai yawa a kan waɗannan sunaye yake. Kowane mai suna yana sa hannu cewa bayanan gaskiya ne kuma zai kasance a wurin in an ci. In an ci ɗin aka nemi mutum aka rasa, doka ta ce sai an kawo wanda ya kai shi ko ya fi shi, kuma sai mai aikin ya yarda. A garin da masu shekara goma sha biyar a lissafin gadoji ko madatsun ruwa ba su da yawa, wannan yana iya cin watanni, yana iya kai ga tara, yana iya sa a ƙwace aikin a ba na biyu. Masu auna ƙasa da masu zane da direbobin da aka ɗauka saboda kwangilar su ne za su ji a jika, su da ba su da wata takarda a Kebek.

Don haka injiniyan da yake neman lasisi, bai samu ba, bai san ko zai samu ba, ba a bin sa bashin bayani. Amma ranar da aka ajiye masa takardar alkawarin kasancewa a aikin wata ashirin da huɗu, shi kuma ya san biza tana hanya, ya ɗauki biro ya sa hannu, ya yi wa maigida ƙarya, ya yi wa mai aiki ƙarya, ya kuma cuci ofishin da ya zo na biyu da mutanen da da gaske za su tsaya. Yana da mafita mai sauƙi, ya ce kada a sa sunansa a wannan. In an matsa, ya faɗi dalili. Zai iya rasa ƙarin girma, zai iya ganin fuska ta canja, wannan kuma yana cikin kuɗin da ya kamata ya lissafa tun ranar da ya shiga layin magajin gari.

Ba na wanke masu kamfanoni. Da yawansu su suka koya wa ma'aikata ɓoyo. Kana faɗin kana neman wata takarda, daga ranar ka zama bare, a cire ka daga horo, a riƙe takardar shaidar aikinka, a ja maka rai a kan haƙƙinka na ƙarshe. Wasu kuma su ne gwanayen hayar suna, su miƙa tarihin aikin mutumin da bai taɓa taka wurin ba, su ci kwangila, su tura yaro sabon fita. Irin wannan maigida in ya yi kukan amana, sai a ba shi haƙuri kawai. Bambancin albashi tsakanin baƙo da ɗan ƙasa a aiki iri ɗaya kuwa ba ƙorafin fada ba ne, gwamnati da kanta ta kafa hujja da shi a Maris na 2025 lokacin da ta sallami wasu shugabanni uku 'yan Sin na kamfanonin mai. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba ma'aikaci damar ajiye aiki in ya ba da wa'adin sanarwa, ba ta ce ya sanar da mafarkinsa ba.

Amma wa'adin doka da wa'adin gini ba ɗaya ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin zuba dakin ya san safiyar. An ɗaure rodi, kafinta ya gama katako, injin kwaɓa yana ruri, leburori sun jera da kwanuka, ɗan kwangila yana duba agogo yana duba sama. Mutum ɗaya ne zai durƙusa ya auna tazarar rodin, ya ga an sa mai milimita goma inda zane ya ce sha biyu, ya ga ba a sa 'yan tsakuwar da ke ɗaga ƙarfe daga katako ba, ya ga an ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin gudu, ya ce a tsaya. Da zarar kankare ya rufe, ba mai sake ganin abin da ke ciki. Rabin abin da wannan mutum ya sani game da ginin ba ya cikin fayil: inda aka tarar da ƙasa mai laushi aka ƙara zurfin tushe, ginshiƙin da aka matsar saboda bututu, mai kawo yashin da sai an sa masa ido. In ya tafi da wannan a kansa, ya bar wa magajinsa tarin takardu da makulli, asarar ba ta bayyana a shekarar. Sai damina irin ta 2024, wadda ta kashe mutane sama da 300 a ƙasar, ta yanke hanyoyin shiga Yamai a watan Agusta, ita ke tona kowane kwalbati da aka yi wa ha'inci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan shi ne zama da magaji a bakin aiki, a rubuta duk canjin da aka yi, ko da ya ci makwanni bayan wa'adi.

Akwai masu ɗaga maganar zuwa ƙasa baki ɗaya. EMIG ta buɗe a 1990 a matsayin makarantar ƙasashen yankin kafin ta koma hannun Nijar, ɗalibai da yawa da tallafin hukumar gwamnati ta ANAB suka yi karatu, wato da harajin manomin Filinge da mai kanti a Katako. Bashin gaskiya ne. Sai dai mai bin bashi ya kamata ya buɗe ƙofar biya, kuma ƙasar da injiniyoyinta suke gama bautar ƙasa su zauna jiran aiki, manyan ayyukanta kuma baƙi ne ke tsara su tun daga gadar Kenedi ta 1970 har zuwa gada ta uku ta Yamai ta 2021, ba za ta yi wa mai fita gori da cikakken baki ba. Na bar wannan a nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya tafi bai tafi ba. Ya samu lasisin can, ya koma can, amma ya bar hatiminsa da sunansa a Yamai, wani ƙane yana bugawa a kan zane ana tura masa kasonsa ta waya. Ko akasin haka, ya samu rajistar Najeriya, aikin bai samu ba, kuɗin sabuntawa yana cinsa, sai wani ɗan kwangila a Sakkwato ko Katsina ya ce a ba shi aron lambar. Taura biyu ba ta taunuwa. Hatimin injiniya ma'anarsa na gani, na lissafa, na ɗauki alhaki, kuma ba a gani daga nisan kilomita dubu. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutane sama da 40, abin da ya fito fili shi ne wasiƙar da injiniyoyin farko na aikin suka rubuta tun Fabrairun 2020, inda suka ce sun janye hannunsu domin ba za su iya lamunce ingancin ginin ba. Wasiƙar ba ta hana ginin faɗuwa ba, amma ta nuna ranar da alhakinsu ya ƙare. Mai barin Yamai shi ma yana buƙatar irin wannan rana a rubuce, ga maigida da mai aiki, da jerin zanen da ya sa wa hannu da waɗanda ba nasa ba. Hukumar Abuja ba ta da hurumi a kan bangon da ya tsage a unguwar Lazare ta Yamai, ta Kebek ba za ta taɓa jin labarinsa ba, kuma mai hayar hatimi ya san da haka tun kafin ya karɓi kuɗin farko.